Wa ya fi kowa iya kaɗa jitar bes a duniya?

Bello_Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu sauraron kiɗan ƙasashen waje. A shekarar 2020 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta jera makaɗan bes guda 50 da ta ce babu kamarsu, ta ɗora James Jamerson a kan gaba. Ni wannan hukunci bai kwanta mini ba. A wurina Aston Barrett, wanda aka fi sani da Family Man, mai kaɗa wa Bob Marley bes, shi ne na ɗaya. A cire bes ɗinsa daga waƙoƙin Wailers a ga abin da zai rage. Ku wa kuka zaɓa, kuma me kuka duba kafin ku zaɓa?

Ummu_Arkilla:
Wa alaikumus salam. Don Allah a fara yi wa irinmu bayani. Mene ne bambancin bes da jitar da muka saba gani? Ni duk iri ɗaya nake ganin su a bidiyo.

Yohanna_Zuru:
@Ummu_Arkilla 'yar'uwa, ki duba wuya da tsirkiya. Jita tana da tsirkiya 6 sirara. Bes yawanci 4 gare ta masu kauri, wuyanta ya fi tsawo, muryarta kuma tana can ƙasa. Tsirkiyar da ta fi kauri tana karkarwa kusan sau 41 a cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ba kunne kaɗai ke jin ta ba, har ƙirji. Ni nake kaɗa ta a cocinmu nan cikin gari. Aikinta biyu ne: ta bi mai ganga sau da ƙafa, kuma ta nuna wa mawaƙa da sauran makaɗa inda waƙa ta dosa. In mai bes ya kuskure, ba kowa zai gane shi ne ba, sai dai ki ga rawa ta yi sanyi ana hararar mawaƙi.

Wadda ake ratayawa a kafaɗa a jona da lantarki ba wata tsohuwa ba ce. Ta fara karɓuwa ne a 1951, lokacin da Leo Fender ya fito da Precision Bass. Kafin nan wata ƙatuwar goge ta Turawa ake amfani da ita, wadda ake tsayarwa a ƙasa, tsayinta ya kai na mutum.

Ummu_Arkilla:
Na gode, yanzu na gane. Ku ci gaba ina biye.

Kawu_Garmaho:
Bello ɗana, ban raina Family Man ba, amma zamna ka ji. Jamerson shi na uban tahiyag ga. Kamin shi, mafi yawan masu bes amo biyu ɗai suka bugawa, su tahi su dawo wuri guda har waƙa ta ƙare. Shi yaz zo yas sa bes tana rera tata waƙa ƙarƙashin muryar mawaƙi, kuma ba ta tare mai hanya. Kamfanin Motown na birnin Detroit, cikin shekarun 1960, waƙoƙin da sunka yi tashe na Temptations da Supremes da Four Tops da Stevie Wonder da Marvin Gaye, mafi yawansu hannunai na ciki. Kuma da yatsa guda shika kiɗi, manuniya ta hannun dama, don da babbar bes ta tsaye yah hwara, hannun ya saba. Ba shi canza tsirkiya sai ta tsinke.

Abin da ka ban tausai shi na, Motown ba ta rubuta sunayen makaɗa bisa bangon faifai. Sai 1971, ga faifan Marvin Gaye mai suna What's Going On, sannan anka rubuta sunanai. Mu da munka saurari waƙoƙin ga da dauri, wallahi ba mu san da wani Jamerson ba, mawaƙi ɗai muka yabo. Da kamfanin yak koma Los Angeles 1972 ya bi su, amma aiki ya ja baya gare shi. Can yar rasu 1983 shina da shekara 47, kuma har jitatai anka sace kwanaki kaɗan kamin rasuwatai. Sai shekarar 2000 anka sa shi cikin Rock and Roll Hall of Fame, zauren girmama manyan makaɗa na Amurka. Ni ko don wanga haƙƙi da anka danne mai, na ba shi na ɗaya.

Bello_Mabera:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Na ji, amma tausayi daban, fifiko daban. In danne haƙƙi ne, Family Man ma ya sha. A 2006 ya kai ƙara kotu a Landan yana neman fam miliyan 60 na haƙƙin waƙoƙin da ya yi aiki a kansu, kotu ta kori ƙarar. Ya rasu a watan Fabrairun 2024.

Ga hujjata. A waƙar Motown, bes ɗaya ce cikin taron kayan kiɗa: ga goge, ga ƙaho, ga fiyano, ga 'yan amshi. A rege kuwa bes ce ke jan ragama, jita sai dai ta riƙa saran gefe. Family Man ba makaɗi kaɗai ba ne, shi ne shugaban makaɗan Wailers, shi ke tsara wa kowa inda zai shiga. Ƙanensa Carlton yana kan ganga, su biyu suka kafa wannan takun da duk duniya ta kwaikwaya, daga Lucky Dube har Alpha Blondy. Sannan ku saurari yadda yake barin gurbi. Zai kaɗa uku ko huɗu ya yi shiru, shirun nan shi ke sa jiki ya motsa. Shi ya koya wa Robbie Shakespeare, wanda shi da Sly Dunbar suka riƙe kiɗan Jamaika shekaru masu yawa. Kuma daren da Zimbabwe ta karɓi 'yanci a watan Afrilun 1980, shi ne a bayan Marley a filin wasa na Rufaro. Wane mai bes ne kiɗansa ya shiga ƙauyukan Afirka kamar nasa?

DanIllela:
Bello ka hwaɗi gaskiya. Ko tashar mota ta Illela kat tahi, mai kaset ya san amon ga ko bai san sunan mai shi ba.

Sadiq_Dandima:
Da girmamawa ga manya, amma ku duka kuna maganar mutanen da suka tsaya a bayan wani. Tambayar ita ce wa ya fi IYAWA. In iyawa ce, Jaco Pastorius ne, babu na biyu. Mutumin nan ya cire ƙarafunan da ke gindaye a wuyan jitarsa, ya cike gurabensu, ya shafe wuyan da irin gam ɗin da ake shafa wa jirgin ruwa. Sai bes ta koma tana zamiya daga amo zuwa amo kamar muryar mutum. Faifansa na farko ya fito a 1976, a shekarar ya shiga ƙungiyar Weather Report. Ranar da ya fara haɗuwa da shugabanta Joe Zawinul, cewa ya yi shi ne mai bes ɗin da ya fi kowa a duniya, kuma da aka ji kiɗansa ba a yi masa dariya ba. Duk mai bes da ya taso bayan 1976 sai da ya zauna ya koyi wani abu nasa.

Kawu_Garmaho:
Sadiq, yaro na, na saurari Jaco. Gwani na, ba gardama. Amma wa ka rawa da kiɗinai? Kiɗi na na makaɗa, su zamna su girgiza kai su ce kai, ji abin da yay yi. Ni tsohuwa da ba ta san mi a bes ba, in tag girgiza kahwaɗa ba ta sani ba, wanga shi na gwaninta gare ni.

Sadiq_Dandima:
Kawu, in haka ne to duk wanda aka fi rawa da waƙarsa shi ne gwani ke nan? Ai sai mu ba masu kiɗan biki kambun.

Yohanna_Zuru:
Ku biyun kowa yana riƙe da gefe guda. Bari in faɗi abin da hannu ke ji, tunda ni nake taɓa ta.

Ƙarafunan nan da Sadiq ya ambata su ke yanke maka amo daidai. Ko ka ɗan kauce da yatsa, ƙarfen zai gyara maka. In babu su, kaucewar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba za ta fito fili, kowa ya ji ka ɓata. Don haka abin da Jaco ya yi, da irin saurin da yake yi, ba ƙaramin abu ba ne. Amma ni abin da ya fi ba ni wuya a koyo ba gudu ba ne. Riƙe amo huɗu ne na tsawon minti goma ba ka yi gaba ba, ba ka yi baya ba, kuma ba ka gaji ka fara ƙawa ba. Yaran da nake koya wa duk gudu suke so. In na ce su riƙe taku ɗaya tare da mai ganga, kafin a je ko'ina sun fara ƙara nasu. Wannan haƙurin shi ne na Family Man. Jamerson kuwa ya haɗa biyun, yana yawo amma bai taɓa sakin takun ba. Da za a matsa mini, wajen Kawu zan karkata.

Jaco kuma ƙarshensa abin tausayi ne. Ya yi fama da taɓin hankali, ya rasu a 1987 yana da shekara 35, bayan dukan da wani mai gadin gidan rawa ya yi masa a Florida.

Zainab_RunjinSambo:
Tun ɗazu nake karantawa, maza zalla ake lissafawa. Carol Kaye fa? An haife ta a 1935, ta yi aiki a situdiyoyin Los Angeles tun daga shekarun 1960, ana ƙiyasta ta kaɗa a waƙoƙi kusan 10,000, har da na Beach Boys da kiɗan finafinai. Ita ma ba a sa sunanta a bango ba. Ga Esperanza Spalding da ta ci kyautar Grammy ta sabon tauraro a 2011, ta kayar da Justin Bieber, tana kaɗa bes tana waƙa lokaci guda. Mu kuma masu son kiɗan Indiya, akwai Mohini Dey 'yar Mumbai da ta yi aiki da A.R. Rahman tun tana yarinya. Ku nemi bidiyonta ku ga yatsu.

Sadiq_Dandima:
Anti Zainab, Mohini Dey kam na yarda. Ita ma ai irin gidan su Jaco ce.

Abu_Minannata:
Ni dai shawara nake bayarwa, lokacin da ake ɓatawa kan makaɗan Turawa da an sa shi a wani abu mai amfani da ya fi.

Bello_Mabera:
Malam Abu, mun gode da nasiha, Allah ya saka. Zauren nan dai na tattauna kiɗa da al'adu ne, shi ya sa na kawo ta nan.

Malam_Dundaye:
Ina so in ɗan karkatar da akalar zancen zuwa gida, domin labarin da Kawu ya bayar na Jamerson ya taɓa ni, kuma ba baƙon labari ba ne a ƙasar nan.

Duk wanda ke zauren nan ya san Ibrahim Narambaɗa, ya san Salihu Jankiɗi makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na III, ya san Musa Ɗanƙwairo, ya san Ɗan Anace. To a cikinmu mutum nawa ne zai iya kiran sunan mutum biyu daga cikin waɗanda suka riƙe wa Narambaɗa kotso? Ko masu taushin Jankiɗi? Ko waɗanda suka riƙe wa Ɗan Anace kalangu yana wasa Shago? Alhali in ka saurari tsofaffin faifan nan da kyau, za ka ji cewa mawaƙin yana samun damar yin yadda ya so ne saboda akwai mutane a bayansa da ba sa motsawa daga kan taku. Shi zai ja baiti ya tsawaita, ya yanke, ya yi habaici, ya dawo, ya tarar da su suna nan inda ya bar su. 'Yan amshi su karɓe, makaɗa su riƙe. Aikin da Yohanna ya bayyana ke nan, riƙe abu ɗaya ba gajiya.

Kuma a tsarinmu na gargajiya wannan matsayi makaranta ce. Ɗanƙwairo kansa ya daɗe a bayan yayansa Kurna yana Daudun kiɗi kafin ya ja nasa ayarin. Wanda bai iya riƙe wa wani ba, ba a sakar masa gaba.

Ta fuskar kayan kiɗa ma muna da masu kaurin murya. Babbar garaya mai tsirkiya biyu tana da amo mai zurfi. A Maroko kuma 'yan Gnawa, waɗanda kakanninsu daga ƙasashenmu na kudu da Sahara aka kai su, suna da gimbiri mai tsirkiya uku da fatar raƙumi, wanda aikinsa a kiɗansu shi ne aikin bes sak, kuma mai riƙe da shi shi ne shugaban taro. Don haka in ana lissafin gwanayen amon ƙasa, ni ina ganin lissafin ya faro tun kafin 1951.

Kawu_Garmaho:
Malam, Allah shi gafarta ma iyaye. Ka taɓo inda ka yi man ƙaiƙayi. Ni na ga Ɗanƙwairo da idona shina wasa, kuma abin da nit tuna har yau ba muryatai ɗai ba ta, yadda kotsunan ga ka tashi tare su sauka tare. Ya rasu 1991, mutanenai da yawa sun bi shi, ba wanda yat tambaye su komi.

Sadiq_Dandima:
Malam, ina da ja kaɗan. Kotso ganga ce, ba ta cikin dangin bes. In muka buɗe wannan ƙofa, muhawarar ta tashi daga kan jita ta koma kan kowane makaɗi.

Malam_Dundaye:
Sadiq, ban ce kotso bes ce ba. Matsayin mai riƙe ta nake magana, da yadda ake mantawa da shi. Amma ka lura kotso da kalangu ana matsa su su canza murya, suna hawa suna sauka, har magana suke yi. Ba su yi nisa da abin da bes ke yi tsakanin ganga da waƙa ba.

Alhaji_Agege:
Ni na yi zaman Legas ina saye da sayarwa tun ina saurayi, bari in ƙara muku wani abu. A ƙarshen 1970 James Brown ya zo Najeriya da makaɗansa. Mai bes ɗinsa a lokacin yaro ne ɗan shekara 19, Bootsy Collins. Sun je gidan rawar Fela a Legas sun ga wasa, kuma Bootsy ya sha faɗa daga baya cewa abin da ya ji a wurin ya girgiza shi. Wato wanda Amurka ke ji da shi ya zo nan ya ga abin mamaki. Kiɗan Fela in kun lura, bes ɗin gajeren zance ne guda ɗaya da ake maimaitawa, waƙa ta yi minti 15 ko fiye bai canza ba. A lokacin ko'ina ka bi a Agege da Mushin shi ke tashi daga shagunan masu sayar da faifai. Kowa ya san Tony Allen mai ganga, masu bes ɗin kuwa ba a cika kiran sunansu ba. Ga maganar Malam ta sake fitowa.

DanIllela:
Alhaji, ai har Beatles sun zo Legas sun yi faifai, ko ba haka ba?

Alhaji_Agege:
A'a ɗana, ba Beatles ba ne, su sun watse tun 1970. Paul McCartney ne ya zo a 1973 da sabuwar ƙungiyarsa Wings, suka ɗauki faifan Band on the Run a situdiyon EMI da ke Apapa. Har Fela ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kira shi ya kunna masa abin da suka ɗauka. Kuma shi ma ai mai bes ne, bahago. Ya karɓe ta ne a 1961 da mai kaɗa musu ya bar ƙungiyar. Shi da bakinsa ya ce ya koyi abubuwa daga sauraron Jamerson. Wannan ƙuri'a ce ga Kawu.

Bello_Mabera:
Alhaji, ƙuri'ar Bature ɗaya ba ta kayar da zaɓe.

Nasiru_Situdiyo:
Ni da nake wannan sana'a a nan garin, bari in gaya muku halin da ake ciki. Tunda na buɗe situdiyo ban taɓa ɗaukar mai jitar bes da hannu ba. Waƙoƙinmu na Hausa na zamani tun farkonsu a kan fiyanon Yamaha aka gina su, yanzu kuma kwamfuta. Bes ɗin da kuke ji da yatsa biyu nake danna shi, in ya karkace in ja shi da linzamin kwamfuta ya daidaita. Mawaƙi yana so a gama masa yau ya kai wa mai biki gobe, ina kuɗin kiran wani makaɗi, ina lokacin gwaji?

Matsala ta biyu ita ce waya. Yawancin masu saurarenmu da sifikar waya suke ji, ita kuwa ba ta iya fitar da amon ƙasa. Wancan sau 41 da Yohanna ya faɗa, waya ba ta san da shi ba. Sai mutum ya zo ya ce mini ƙara bes, na ƙara, ya kunna a wayarsa ya ce bai ji komai ba. Dole in ɗaga amon sama in ɗan ƙazanta shi don waya ta kama. Shi ya sa nake roƙon duk wanda zai yanke hukunci a muhawarar nan, ya nemi abin sawa a kunne mai kyau ko babbar sifika tukuna. Wanda ya saurari Jamerson ko Family Man ta bakin waya bai saurare su ba.

Zaɓina kuwa Bernard Edwards na ƙungiyar Chic. Bes ɗin da ya kaɗa a Good Times a 1979 shi aka ɗauka aka gina Rapper's Delight a kai a wannan shekarar, waƙar da ta fara fitar da rap kasuwar duniya. Mu masu haɗa kiɗa a kwamfuta jikokinsa ne.

Ummu_Arkilla:
Yanzu na sa abin kunne na saurari Billie Jean ta Michael Jackson. Ashe abin nan da ke tafiya tun daga farko har ƙarshe shi ne bes! Shekara da shekaru ina jin ta ban taɓa raba shi da sauran ba. Wa ya kaɗa?

Nasiru_Situdiyo:
Hajiya, Louis Johnson ne, na ƙungiyar Brothers Johnson. A faifan Thriller na 1982 take. Ya rasu a 2015.

Yohanna_Zuru:
Tunda an ambaci Louis Johnson, shi gwanin marin tsirkiya ne da babban yatsa. Wanda ya fito da wannan salo shi ne Larry Graham na Sly and the Family Stone, kuma larura ce ta sa. Yana saurayi yana wasa da mahaifiyarsa, ita tana fiyano, ba su da mai ganga. Sai ya riƙa dukan tsirkiya mai kauri da babban yatsa a madadin babbar ganga, yana fizgar siririyar da manuniya a madadin ƙaramar. Daga nan Marcus Miller da Victor Wooten da Flea duk suka ɗauka. In ana maganar wanda ya canza yadda ake taɓa kayan, dole a sa shi kusa da Jaco.

Issoufou_Konni:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Sakkwato, ku ba maƙwabci wuri. Ni mamaki nika yi, kun tahi Amurka da Jamaika kun bar na kusa. Kamaru ƙasar masu bes ta. Richard Bona, an haihe shi 1967 wani ƙauye da aka kira Minta. Shina yaro da kainai yaƙ ƙera jita, tsirkiya da wayar birkin keke. Da yaz zo Duwala shina wasa wani gidan rawa, mai wurin yab ba shi faifan jaz shi saurara, nan yaj ji Jaco yak koma bes. Daga baya har Joe Zawinul, wanda Jaco yay yi ma aiki, ya ɗauke shi. Ga Etienne Mbappé, ga Armand Sabal-Lecco, dut 'yan Kamaru. Ga Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu da yay yi ma Paul Simon kiɗi ga faifan Graceland 1986, shi ma jitatai ba ƙarahuna.

Mu nan kuma kiɗin Abzinawa muka ji dare da rana. Tinariwen sun ci Grammy 2012, mai bes nasu Eyadou Ag Leche na. Jitocinsu na yawo, tahi na tashi, shi ɗai ka riƙe da su ƙasa. Ban ce shi na na ɗaya ga duniya ba, amma in an yi lissahi ba ɗan Afirka ko guda, lissahin bai cika ba.

Sadiq_Dandima:
@Issoufou_Konni ka taimake ni ba ka sani ba. Bona da kansa ta hanyar Jaco ya shigo. Kawu ya ce ba a rawa da kiɗan Jaco, to ga almajirinsa ana rawa da nasa daga Duwala har Faransa.

Malam_Dundaye:
Labarin wayar birkin keke ya tuna mini da kuntigin Ɗan Maraya Jos, gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya, kuma da shi ya zaga duniya. Yaranmu da ke ƙera irin wannan a lungu, da za su sami mai koya musu, da an ga abin mamaki.

Zainab_RunjinSambo:
Malam, mai koyarwar ne babu. Ƙanena ya so koyon jita, duk garin nan bai sami wurin da zai zauna a koya masa a tsare ba, sai YouTube. Ga kuma kallon da ake yi wa yaron da aka gani da jita a kafaɗa.

Yohanna_Zuru:
'Yar'uwa Zainab, in har yana so, ya zo ranar Asabar da yamma, ina koya wa yara kuma ba sai ɗan coci ba. Sai dai ya sani tsirkiyar bes tana da tsada kuma ba a cika samunta a nan ba, mu daga kasuwar Alaba ta Legas muke aikawa a kawo mana. In ta dushe mukan tafasa ta a ruwa, dattin ya fita, ta ɗan dawo da murya.

Bello_Mabera:
To jama'a, mun je Legas mun je Maroko mun dawo. Har yanzu ina kan Family Man. Abin da na lura shi ne kowa da abin da yake aunawa: Kawu yana duba wanda ya fara buɗe hanya, Sadiq yana duba yatsu, Nasiru yana duba wanda aka fi ɗauka a gina a kansa. Ni ina duba wanda in an cire shi waƙar ta mutu. Kawu, ka cire Jamerson, muryar Marvin Gaye za ta iya tsayawa ita kaɗai. A rege fa?

Kawu_Garmaho:
Bello, ba ka gwada ba shi yas sa kaka hwaɗin haka. Akwai inda anka ware bes ɗin Jamerson ita ɗai cikin intanet, ba murya ba ganga. Nemo ka saurara, ka ji waƙa cikakka. Sannan ka dawo mu yi magana.

Sadiq_Dandima:
Kawu, ni ma ina da roƙo. Ka nemi faifan Joni Mitchell na 1976 mai suna Hejira. A can Jaco bayan mawaƙiya ya tsaya, ba gudu, ba nuna kai. In ka ji shi ka ce har yanzu kiɗan makaɗa ne kawai, na bar maganar.

Kawu_Garmaho:
Turo man shi ta waya, jikana shi haɗa man da babbar sifika bayan isha'i.

DanIllela:
Ni dai har yanzu ba wanda yay yi ma Robbie Shakespeare adalci cikin zauren ga. An ambace shi awa ɗan rakiya. Mutumin da yay yi ma Peter Tosh da Black Uhuru da Grace Jones har da Bob Dylan kiɗi? Ya rasu Disamba 2021. Bello, in kana son rege da gaske, sai ka hwaɗa muna tsakanin malami da almajiri wa yaf hi yawan aiki.